Tambayoyin da aka fi yi min akan 'yan ƙwallon Afirka, daga filin unguwa zuwa Turai da rigar ƙasa

Ni dai ba ɗan jarida bane, gidan kallon bal nake riƙewa a unguwarmu sama da shekara goma, da yamma kuma ina taya wani abokina horar da yaran unguwa a filin firamare. To a tsakanin wajen nan biyu babu kalar tambayar da ba'a yi min ba, wasu dan neman sani wasu kuma dan neman musu kawai, musamman in Nepa ta ɗauke wuta ana jiran inji ya tashi. Na ga gara in tattara waɗanda suka fi yawan dawowa in amsa su waje ɗaya, wanda ya sake tambaya ta sai in ce je ka karanta.

Wai ta ina ɗan wasan Afirka yake bi ya isa babban kulob a Turai? Kai tsaye ake ɗauka?

Da wuya sosai. Yaran mu suna ɗauka wata rana wani bature zai zo bakin fili ya ga suna yanka ya ce taho Arsenal, alhali in ka bi tarihin manyan ɗaya bayan ɗaya zaka ga kusan kowa sai da ya bi ta ƙaramar ƙofa. Sadio Mane daga ƙauyen Bambali ya fito, ya shiga makarantar ƙwallo ta Génération Foot a Dakar, daga nan Metz ta Faransa, sai Salzburg, sai Southampton, sai a 2016 ya isa Liverpool. Salah daga El Mokawloon ta Masar ya tafi Basel ta Suwizalan a 2012, Chelsea ta saye shi ta ajiye a benci, sai da ya je Fiorentina da Roma ya farfaɗo kafin Liverpool ta ɗauke shi a 2017. Yaya Toure daga ASEC ta Abijan ya tafi Beveren ta Beljiyam, ya je har Yukren da Girka da Monaco kafin Barcelona. Ndidi ma Genk ya fara zuwa kafin Leicester.

In ka lura akwai makarantu da suke da hanya a shimfiɗe. Génération Foot tana da yarjejeniya da Metz shi yasa Isma'ila Sarr da Pape Matar Sarr duk ta nan suka bi. Right to Dream ta Gana kuma Nordsjaelland ta Denmak take turawa, ta nan Mohammed Kudus ɗan unguwar Nima ta Akara ya bi ya je Ajax a 2020 sannan West Ham. Mu a Najeriya hanyar Beljiyam tsohuwa ce, marigayi Stephen Keshi yana daga cikin waɗanda suka buɗe ta tun shekarun 1980 da ya bar Abijan ya je Lokeren sannan Anderlecht, 'yan baya suka yi ta bin sahu.

Me yasa Beljiyam da Holan da Fotugal da ƙasashen sanyi, me yasa ba Ingila ba tunda can kuɗin yake?

Takarda ce. Ingila bata ba ɗan wasa izinin aiki haka kawai, maki ake haɗawa, ana duba wasa nawa ka buga wa ƙasarka, matsayin ƙasar a jerin FIFA, da ƙarfin lig ɗin da ka fito. Yaron da ya fito daga lig ɗin gida bai taɓa saka rigar ƙasa ba da wuya makinsa ya kai. Su kuma ƙananan kulob na Beljiyam da Denmak da Nowe sana'arsu kenan, su sayi yaro da araha su goge shi shekara biyu uku su sayar da tsada, kaman mai kiwon rago ne da ya saya bayan sallah yana jiran wata sallar. Kuma can zaka samu ka buga wasa, wanda shine abun da yaro ɗan shekara 19 yafi buƙata fiye da albashi.

Oga, ƙanina shekararsa 15 kuma wallahi ya iya, wani ya ce zai kai shi Turai gwaji. Mu biya?

Kar ku biya ko sisi. Wannan tambayar ita tafi ci min rai dan na gani da idona. Akwai wani yaro da muke horarwa, ɗan tsakiya ne mai ƙafar hagu, in ya ɗora ƙwallo a ƙafa sai ka ji 'yan kallo sunyi shiru. Wani mutum yazo da mota mai kyau da jaka cike da takardu, yana nuna hotunansa a waya wai shi da wasu turawa a bakin wani fili, ya kawo wasiƙar gayyata mai tambarin kulob da sa hannu da komai. Ya ce kuɗin biza da jirgi da rajista. Baban yaron tela ne, ya sayar da ɗan filin da ya daɗe yana tanadi a bayan gari, na tuna ranar da ya zo ya same ni da wasiƙar a cikin leda baƙa dan kar ta yi datti, yana cewa Malam duba min wannan. Na ce Baba ni dai hankalina bai kwanta ba, ya ce ai mutumin har gida yazo ya ci tuwo damu. Yaron ya ƙare a wani otal a wata ƙasa maƙwabciya shi da wasu yara wajen takwas suna jiran biza da bata taɓa zuwa ba, sati biyar, wayar mutumin a kashe, sai karo-karo mukayi aka turo masa kuɗin mota.

Ga abun da ya kamata kowane uba ya sani. Dokar FIFA ta hana a kai yaron da bai cika 18 ba wata ƙasa ya buga wa kulob, sai a 'yan wasu yanayi kaɗan kaman in iyayensa ne suka koma can saboda wani dalili da ba ƙwallo ba. Ahmed Musa kansa da VVV Venlo ta Holan ta saye shi a 2010 sai da aka jira ya cika 18 a watan Oktoba kafin ya fara buga musu. To in Musa da ya fi kowa cin ƙwallo a lig ɗin Najeriya a wannan kakar ya jira, wane ne zai tsallakar da ɗan 15? Sannan kulob na gaskiya in yana son ka shi yake biyan jirgi da masauki. Ejan na gaskiya kuma yana da lasin FIFA, yanzu har jarabawa suke zaunawa, kuma kason sa yana fitowa ne bayan an sa hannu a kwantiragi ba kafin nan ba.

Kulob ɗin unguwa da ya raini yaro yana samun wani abu in an sayar da shi da miliyoyi?

A doka eh. Duk sanda aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa kulob ɗin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Matsalar mu ita ce sai in yaron yana da rajista a rubuce da sunan kulob ɗin a hukumar ƙwallo, mu kuma yawancin tim ɗin unguwa littafin rajistar mu shine ƙwaƙwalwar koci. Yaro zai yi shekara biyar a hannunka kana saya masa but da ruwan leda, ranar da aka sayar da shi wani mai takarda ne zai karɓi kuɗin.

Su waye 'yan arewa da suka yi nisa a harkar nan?

Kaduna kaɗai ta isa a rubuta littafi. Rashidi Yekini a Kaduna aka haife shi kuma a kulob ɗin UNTL ya fara, shine ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a kofin duniya a 1994 a ragar Balgeriya, wannan da ya shiga cikin raga ya riƙe ta yana ihu, ƙwallo 37 ya ci wa ƙasa. Daniel Amokachi daga Ranchers Bees ya tafi Club Brugge, ya ɗauki kofin FA da Everton a 1995, ya je Besiktas. Tijjani Babangida ya buga a Roda da Ajax, waɗanda suka kalli kofin Afirka na 2000 bazasu manta biyun da ya zura wa Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe ba. Garba Lawal yaje kofin duniya biyu, 1998 da 2002. Daga baya ga Sadiq Umar wanda ya ci biyu a wasan da muka samu tagulla a Olamfik na 2016, tare da Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato a tim ɗin, ga Zaidu Sanusi ɗan Jega da ya je Porto a 2020.

Amma wanda nafi kafa wa yarana misali da shi Ahmed Musa ne, dan tafiyarsa ta ƙunshi komai. A Jos ya taso, ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya, Holan, sai CSKA Moscow a 2012 inda ya ɗauki lig ɗin Rasha sau uku. Leicester ta saye shi a 2016 suna zakarun firimiya, a wasan share fage ya zura wa Barcelona biyu muka ce shikenan an gama, ashe benci ne yake jiransa, abun bai yi ba ko kaɗan har sai da ya koma CSKA aro dan ya samu wasa kafin kofin duniya na 2018. Kuma da yaje ya ci Iceland biyu, kaman yanda ya ci Ajantina biyu a 2014. Ranar wasan Iceland ɗin nan benci biyu aka karya min a gidan kallo kuma ban nemi kowa ya biya ba. Daga nan Al Nassr ta Saudiyya, ya dawo Pillars a 2021 na ɗan lokaci, ya je Turkiyya, ya sake dawowa gida. Ya wuce wasa 100 a rigar Najeriya. Mutumin da 'yan Ingila suke lissafawa cikin cinikin asara shine wanda ya fi kowane ɗan Najeriya cin ƙwallo a kofin duniya.

A Nijar kuma Moussa Maazou ne sunan da kowa ya sani, shima ya bi ta Lokeren yaje CSKA tun kafin Musa, kuma yana cikin tim ɗin Mena da ta fara zuwa kofin Afirka a 2012.

Waye gwarzon Afirka na kowane zamani?

Kai jama'a, wannan ai so kuke a kwana anan. George Weah ne kaɗai ɗan ƙasar Afirka mai buga wa ƙasar Afirka da ya ɗauki Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan wasa na shekara, a 1995, shekarar da aka fara buɗe kyautar ga waɗanda ba turawa ba, kuma bai taɓa zuwa kofin duniya ba dan Laberiya bata taɓa samun gurbi ba. Ni dai in ka matsa min Eto'o zan ce, kofin zakarun Turai biyu da Barcelona 2006 da 2009, ɗaya da Inter 2010, kofin Afirka 2000 da 2002, zinaren Olamfik, ƙwallo 18 a gasar kofin Afirka, gwarzon Afirka sau huɗu. 'Yan Chelsea zasu ce Drogba saboda daren Munich na 2012 da ya basu kofin zakarun Turai, 'yan Liverpool zasu ce Salah, tsofaffin Gana zasu ce Abedi Pele. Kowa da nasa, amma ku ɗauko takarda ku jera kofunan kulob da na ƙasa gefe da gefe ku gani.

Me yasa wasu suke haskawa a kulob amma in sun saka rigar ƙasa sai su zama kaman ba su ba?

Dalilan da yawa kuma ba duka ne laifin ɗan wasa ba duk da mu 'yan kallo zagin sa muke fara yi muce baya kishin ƙasa yana tsoron ƙafarsa. A kulob mutum yana atisaye da abokan wasansa kullum wata goma, kowa ya san inda ɗan uwansa zai ruga. A ƙasa kuwa ranar Litinin zaka sauka daga jirgi, Talata wasu basu iso ba, Laraba atisaye ɗaya, Juma'a wasa a fili mai rami cikin zafin rana, sannan a sake hawa jirgi zuwa wata ƙasar. Ga koci da ake canzawa kaman riga. Ga kuma cewa a kulob akwai wanda zai baka ƙwallo a ƙafa, a ƙasa kai ne zaka sauko tsakiya ka ɗauko ka kuma ci.

Kuma kofin Afirka baya jin suna. Drogba da duk taurarin Kwaddebuwa sun je wasan ƙarshe a 2006 da 2012 duka suka faɗi a bugun fenareti, a na 2012 ɗin shi da kansa ya ɗaga fenareti sama ana cikin wasa, Zambiya ta ɗauka a Libreville garin da jirgin tim ɗinsu ya faɗi a gaɓar tekunsa a 1993. Sai da ya yi ritaya daga ƙasa sannan su Yaya suka ɗauka a 2015. Salah ya je wasan ƙarshe a 2017 Kamaru ta doke su, ya sake zuwa a farkon 2022 abokinsa Mane ya buga fenaretin ƙarshe ya ba Sanagal kofinta na farko. Kanu da ya ɗauki kofin zakarun Turai da Ajax da firimiya da Arsenal da zinaren Olamfik na Atlanta 96 bai taɓa ɗaga kofin Afirka ba. Amma Sunday Mba da yake buga lig ɗin gida shi ya ci mana ƙwallon da ta bamu kofin 2013 a hannun Burkina Faso.

Kulob zai iya hana ɗan wasa zuwa buga wa ƙasarsa?

In lokacin yana cikin kalandar FIFA ko gasar kofin Afirka ce, dole su sake shi. Olamfik ce ba dole ba. Sai dai akwai hanawa ta bayan fage, koci ya kira ka ofis ya ce in ka tafi wata ɗaya wani ya karɓi gurbinka kar ka zo kana min kuka, ko kwatsam a ce kana da ciwon cinya. Rigimar duk daga watan Janairu take, dan lokacin lig ɗin Turai yana tsakiya. An gwada mayar da gasar Yuni da Yuli a Masar a 2019, amma ta Kamaru da ta Kwaddebuwa duk suka dawo Janairu saboda damina, ruwan can ba irin namu bane. Wani lokacin kuma ɗan wasan ne da kansa yake ƙi, kaman Joel Matip da wasu da suka ƙi amsa kiran Kamaru a 2017, aka tafi babu su kuma aka dawo da kofin.

Su Saka da Musiala da Olise ai jininmu ne, me yasa basa buga mana? Kuma ya akayi Lookman ya dawo bayan ya buga wa Ingila?

Yaron da aka haifa a Turai ko ya taso a can, makarantar can, kocin can tun yana shekara bakwai, gaskiya banga dalilin zagin sa ba in ya zaɓi can. Dokar sauya ƙasa ce ta yi sauƙi a hankali. In a matakin matasa kawai ka buga zaka iya sauyawa sau ɗaya in kana da takardar ɗaya ƙasar, daga 2020 ma an ƙara sassauci ga wanda ya buga wa manya wasa da bai wuce uku ba kafin ya cika 21, da wasu sharuɗa. Lookman ya ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da 20 da Ingila a 2017, ya dawo Najeriya a 2022, ya ci uku rigis a wasan ƙarshe na Europa a 2024 ya zama gwarzon Afirka a shekarar. Zaha ya buga wa Ingila wasan sada zumunci biyu ya koma Kwaddebuwa.

Akwai abun dariya da tausayi a ciki. Kevin Prince Boateng yana Gana ƙaninsa Jerome yana Jamus suka haɗu a kofin duniya har sau biyu, Iñaki Williams yana Gana ƙaninsa Nico yana Sifaniya, Embolo da aka haifa a Yawunde ya ci Kamaru a rigar Suwizalan a 2022 ya ɗaga hannu ya ƙi murna. Maroko ce ta fi kowa iya wannan farautar, tim ɗin da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Katar 14 cikin 26 a waje aka haife su, Hakimi a Madrid.

Maganar rage shekaru gaskiya ce?

Gaskiya ce mana, wa zamu yaudara. Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 sau biyar, 1985, 1993, 2007, 2013, 2015, amma lissafa nawa ne daga cikin yaran suka yi shekara goma suna ƙwallo a sama. Tun 2009 ake hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI dan a gane wanda ya wuce, kuma a 2016 yara 26 suka faɗi gwajin nan a sansanin Najeriya ana gab da wasa da Nijar, Nijar ɗin kuma ta fitar da mu. Ba ina cewa kowa bane. Kuma ban cika ɗora wa yaran laifi ba, mutum ya kai 22 kafin wani ya gan shi, an ce masa turawa basa sayen wanda ya wuce 19, me kake so ya yi. Illar ita ce a takarda yana 28 lokacin da ya kamata ya fi ƙarfi, gwiwa kuma ta san gaskiya.

Dole sai an je Turai ake zama babban ɗan wasa?

Aboutrika bai taɓa buga wa kulob ɗin Turai ba, a Al Ahly ya yi zamaninsa, ya ɗauki kofin Afirka 2006 da 2008, kuma je ka Masar ka ce ba gwarzo bane ka ga. Masar ta ɗauka uku a jere har 2010 da yawancin 'yan gida. Bambancin shine can da Maroko da Afirka ta Kudu ana biyan albashi mai kyau akan lokaci. Mu anan Rabi'u Ali Pele ya yi rayuwarsa a Pillars, filin wasa na Sani Abacha yana cika dominsa, Pillars ɗin nan ta ɗauki lig a 2008 da kuma uku a jere 2012 zuwa 2014, ta fitar da Al Ahly a gasar zakarun Afirka ta 2009. To amma ɗan wasan da yake bin bashin albashin wata huɗu, yana tafiyar awa goma sha biyar a bas zuwa wasa, in aka ce masa ga wata ƙungiya a rukuni na biyu a wata ƙasar da bai taɓa jin sunanta ba ai tafiya zai yi.

Me yasa kullum ake rigimar alawus, mutanen da suke ɗaukar miliyoyi duk sati?

Ba duka ne suke ɗaukar miliyoyin ba, a tim ɗaya akwai na Napoli akwai wanda kulob ɗinsa bai biya shi ba tun bara, akwai masu wankin kaya da masu tausa da suma alawus ɗin suke jira. Kuma sun gane in aka fita daga gasa ba mai sake ɗaga wayarsu. A kofin duniya na 2014 kaɗai, 'yan Kamaru sun ƙi hawa jirgi sai an daidaita, Gana sai da gwamnati ta tura dala miliyan 3 tsaba a jirgi zuwa Burazil, namu kuma suka ƙi fita atisaye kafin wasan Faransa.

Ya suke yi da azumi in ya faɗo tsakiyar kaka?

Wasu suna yi har ranar wasa, wasu suna ajiyewa ranar tafiya su rama. A Ingila tun 2021 alƙalin wasa yana ɗan tsayar da wasa in an sha ruwa, a wasan Leicester da Crystal Palace aka fara gani inda Wesley Fofana da Cheikhou Kouyate suka je bakin layi suka kurɓa. Hukumar Faransa kuwa ta ce a'a.

Kuskure ɗaya zai iya kashe wa mutum sana'a?

Tambayi Sani Kaita. Wasan Girka a 2010 muna gaba da ci ɗaya, ya kai wa wani ƙafa a bakin layi aka bashi jan kati tun kafin hutun rabin lokaci, aka ci mu 2 da 1. Ɗan wasan tsakiya ne mai kyau da ya bamu azurfa a Olamfik na 2008, amma yau in ka ambaci sunansa wannan katin kawai ake tunawa. Asamoah Gyan ya fi kowane ɗan Afirka cin ƙwallo a kofin duniya, guda 6, amma fenaretin wasan Yurugwai na 2010 da ya buga a ƙarfe ake masa gori.

A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda aka gama yanke musu ƙauna. Kanu yana zuwa Inter a 1996 likitoci suka gano matsala a zuciyarsa, aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo ya je Arsenal ya ci Chelsea uku cikin minti goma sha biyar na ƙarshe ana binsu biyu. Osimhen da ya yi tallan ruwa a titin Legas yaje Wolfsburg bai ci ko ɗaya ba, zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, kulob biyu a Beljiyam suka gwada shi suka ce basa so, Charleroi ta karɓe shi aro, shekara biyar bayan nan ya ci 26 ya ba Napoli lig ɗin da rabon ta da shi tun 1990.

Matan fa?

Super Falcons sun ɗauki kofin Afirka sau goma, na goman a Maroko a 2025, maza uku kawai muke da shi. Asisat Oshoala gwarzuwar Afirka sau shida kuma ta ɗauki kofin zakarun Turai da Barcelona. A gidan kallo na dai in na saka wasansu mutum bakwai ne suke zuwa, amma ranar fainal ɗin nan da suka farke biyu suka ci 3 da 2 sai da na ƙaro benci.

In sun daina buga ƙwallo ina suke komawa?

Weah ya zama shugaban Laberiya daga 2018 zuwa 2024, Eto'o ya zama shugaban hukumar ƙwallon Kamaru a 2021, Keshi ya ɗauki kofin Afirka yana kyaftin a 1994 ya sake ɗauka yana koci a 2013, Aliou Cisse ma kyaftin ɗin Sanagal na 2002 shi ya basu kofi yana koci. Kanu ya buɗe gidauniyar yi wa yara aikin zuciya, Mane ya gina asibiti da makaranta a Bambali tun yana bugawa, Musa ya zuba kuɗi a wajen wasanni da gidan mai a Kano. Waɗannan ake gani a labarai. Mafi yawa kuwa shiru zaka ji, dan sana'ar shekara goma ce zuwa sha biyar in babu rauni, dangi da abokai kowa da buƙatarsa, kuma ranar da albashi ya tsaya buƙatun basa tsayawa. Yekini ya rasu a 2012 yana zaune shi kaɗai a Ibadan ba kowa a kusa da shi sosai, wata tara kafin mu ɗauki kofin da Keshi.

To yaron nan mai ƙafar hagu da aka damfara, ya ƙare ina?

Yana nan. Ya yi kusan shekara baya zuwa fili, in ya hango ni sai ya sauya hanya. Yanzu gyaran waya yake a kasuwa, ranar Asabar da Lahadi kuma yana buga wa wata ƙungiya a lig ɗin jiha, wannan karon da rajista da hoto da sa hannun babansa, ni na raka shi ofishin da kaina. Baban har yau yana ajiye da wasiƙar a cikin ledar, ya ce duk wanda yazo masa da maganar Turai ita zai fara ɗauko masa.